Sun yi min gayya sun kashe min farawla, wai kuma ni zan ba da haƙuri

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan guruf, manya da ƙanana. Admin don Allah ki ɓoye sunana, ƙauyenmu ƙarami ne kuma akwai masu karantawa su kai labari gida kafin in ajiye waya. Don Allah ku ba ni shawara, amma tun da wuri ina roƙo, wanda ya san abin da zai rubuta shi ne "ki yi haƙuri" ya riƙe abinsa, na ji shi a gida har ya ginshe ni, na bakin Inna kaɗai ya isa a raba wa unguwa.

Ni Bahaushiyar Sudan ce, ƙauyenmu yana bakin Bahar, wato kogin Nilu, tsakanin Sinnar da Suki, in kun ga Larabci ya shigo min cikin magana ku yi min uzuri, haka bakinmu yake. Na gama sakandare ban ci gaba ba saboda a shekarar Babanmu ya rasu. Ya bar ni da Inna da Yayana namiji da ƙannena mata, ya bar gida, ya bar gonar dawa, ya bar jaraf, wato ƙasar nan ta gaɓar kogi da ruwa ke hawa da damina, in ya janye sai a yi albasa da tumatir a kanta. Har yau ba a raba gado ba, komai yana hannun Yaya har da injin ruwa, ni kuwa ban taɓa cewa uffan ba tunda ba ya hana mu ci.

Maganar a kan farawla ce, wadda 'yan Najeriya ke ce wa sitiroberi. Na san wasu za su ce ashe a kan ɗan abin marmari ake wannan dogon rubutu, ku yi dariyarku ku gama sannan ku karanta. Bara da farkon sanyi na je Khartum wajen Sa'adiya 'yar Goggona, mijinta yana aiki a wata gona a bayan gari inda suke noma ta, ya kai mu muka gani, wallahi tun da na tsuguna na ɗaga ganye na ga jar abar nan kwance a kan ciyawa raina ya kama. Na dame shi da tambaya har ya gaji, da zan dawo ya ba ni 'yan dashe kaɗan a kwali. Na yanke jarkoki na cika su da yashin kogi da ƙasar jaraf da tsohon takin akuya, na jera a bayan rakuba, wato rumfarmu ta kara, inda rana ke taɓawa da safe kawai. Suka yi. Ba da yawa ba, amma suka yi, ja, masu ƙanshi. Yaya yana kiranta tumatir mai ƙuraje, amma rabin abin da ta haifa a cikinsa ya ƙare, har yana tambaya ko akwai saura. Wata mai sayar da asir, wato ruwan 'ya'yan itace, a Sinnar da na kai wa ɗanɗano ta ce duk ranar da na samu da yawa in kawo mata kada in kai wa kowa. Da zafin Afrilu ya shigo duk suka ƙone, duk da inuwar da na yi musu.

To a wannan shekara guda na gane halinta, kuma sai kun gane shi sannan za ku gane abin da aka yi min. Farawla ba ta son zafi, sanyi take so, musamman na dare, in rana ta yi tsanani sai ta tsaya cak, furen ya zube, wanda ya ɗaure ma ya fito ƙarami ya yi laushi ya lalace. Mu kuwa shitarmu, wato lokacin sanyi, gajera ce, daga iskar arewa ta fara kaɗawa zuwa ta ɗauke ba wani lokaci ba ne, in ka dasa da wuri zafi ya kashe, in ka makara zafi ya riske ta ba ta haihu ba. Sannan tana da zuciya, wani ɗan curi tsakanin saiwa da ganye, daga nan sabon ganye da fure suke fitowa, dole ya zauna daidai da fuskar ƙasa, in ka binne shi ya ruɓe, in ka bar shi a sama ya bushe. Kuma a kan kunya ake dasa ta, a ƙasa mai sakin ruwa, a ba ta kaɗan kaɗan, ba ta yarda ƙafarta ta kwana cikin ruwa. Duk wannan na faɗa wa Yaya, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Bana na ce masa ya ba ni ƙarshen jaraf ta gangare, wajen da ƙasar ke da yashi yashi, in gwada da gaske. A gaban Inna ya ce tamam, ki ɗauka. Mijin Sa'adiya ya tara min dashe masu yawa, sai dai ya samu lori mai zuwa wajenmu ya aiko su da wuri, muna tsakiyar darat, zafin nan na bayan damina da ke nunar da dawa, wanda ko kare ba ya yawo a cikinsa. Ya kira ni ya ce kada in kuskura in kai su fili, in riƙe su a inuwa sai iska ta juya. Na jera su a ƙarƙashin rakuba, na rataya jiƙaƙƙun buhuna ta gefen rana, ina yayyafa musu safe da yamma. Na ce wa Yaya kada kowa ya taɓa, sai sanyi ya sauka ni zan dasa da hannuna. Ya ce ya ji, wai shi me zai yi da ciyawata.

Ana haka sukarin Inna ya tashi, muka kai ta asibiti a Sinnar aka kwantar da ita, ni na zauna da ita kwanaki. Na bar wa ƙanwata yayyafin. A bayana Baffa ya shigo gidan, ƙanen Babanmu, shi ne babba a dangi yanzu, kuma shi ke kiran nafir a unguwarmu, abin da kuke ce wa gayya. Ya ga dashe a jere a inuwa ya tambaya, aka ce nawa ne. Sai ya ce wannan abin kunya ne, irin marainiya yana zaune yana lalacewa ga maza a gida, ita kuma tana can tana jinyar uwa, mutane su ce me, ga girbin dawa ya matso in aka shiga ba za a samu hannu ba. Nan take ya sa ranar nafir. Yaya da na yi wa bayani har bakina ya bushe bai buɗe baki ya ce Baffa ta ce a jira ba, wai ba a mayar wa babba magana, kuma wai ba a ƙin nafir. Wayata tana hannuna dare da rana a asibitin nan, ba wanda ya kira ni. Ƙanwata ta so ta kira Yaya ya ce mata in ta taɓa waya sai ya karya ta, wai so suke su ba ni mamaki. Sun kuwa ba ni.

Ku ji yadda aka yi. Da farko ba su je gangaren da na zaɓa ba, suka ce ya yi nisa da inji, suka zaɓi sama wajen baƙar laka mai tsagewa in ta bushe, mai riƙe ruwa kamar kwano in ta jiƙe. Suka ja fangali shimfiɗaɗɗe irin na albasa, ba kunya ko ɗaya. Baffa ya ɗauki dashe ya juya shi ya ce ganyen ya yi yawa zai sha wa saiwa ƙarfi, a sare kan kamar yadda ake yi wa dashen albasa, aka zauna da wuƙaƙe aka bi su ɗaya bayan ɗaya, wasu har da zuciyar aka haɗa. Sannan aka danna su da babban yatsa can ciki aka rufe. Da suka gama rana ta take, Yaya ya tayar da inji ya sakar musu ruwa har fangalin ya cika ya kwanta, ruwan ya yi zafi kamar na wanka. Suka koma inuwa suka ci asida, wato tuwonmu, da nama. Naman kuma na ɗan bunsuruna ne da nake kiwo, shi aka yanka musu, tunda wai aikina aka yi.

Ranar da aka sallami Inna muka dawo, na leƙa rakuba na ga wayam sai buhuna, ƙanwata ta kasa haɗa ido da ni. Yaya yana murmushi ya ce in je jaraf in ga abin arziki. Ban ko cire tob ɗina, mayafin da muke naɗawa, ba na tafi. Abin da na tarar ba zan iya kwatanta muku ba, ganyen da ya saura ya yi kamar an dafa alayyafo an zubar, na sa yatsa na tono ɗaya zuciyar ta fito baƙa tana yauƙi tana wari, na tono na biyu haka, na uku haka. Daga nan ban bi ta gida ba, na wuce gindin dalbejiyar da suke zama shan jabana, wato gahawa, bayan la'asar, Baffa yana nan, yawancin waɗanda suka yi aikin suna nan.

Na yi sallama, wannan kam na yi. Sannan na tambaye su a cikinsu wa ya taɓa ganin farawla a ƙasa da idonsa, babu ko ɗaya. Na ce to wa ya aike ku. Baffa ya ce "'yata, sannu da zuwa ake fara yi, ya jikin Innarki", na ce jikinta da sauƙi, shukata ce ba sauƙi. Ya ce su da suke dasa abu a jaraf ɗin nan tun ba a haifi ubana ba, ni ce zan koya musu dashe, na ce masa ai shi ƙanen ubana ne, yaushe ya riga shi zuwa duniya, kuma wanda ya iya wankan akuya ba shi ya iya wankan jariri ba. Wani a cikinsu ya ce "ya bitti, alheri aka yi miki", na ce alherin da aka ci bunsuruna a kansa, ko jaki aka kai gaban shukar da bai sani ba zai sunsuna kafin ya taka. Baffa ya kife finjalinsa ya tashi. Abin da na faɗa kenan, ban ƙara ba ban rage ba, na rubuta muku ne don kada gobe wani ya ce na ɓoye nawa, kuma har yanzu ban ga ƙarya a ciki ba.

Washegari na koma na bi fangalin da hannu ina tono, duk wanda zuciyarsa ke da sauran fari na cire. Abin da na tsira da shi bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Na kwashe su zuwa gangaren da na zaɓa tun farko, na ja kunyoyi ni kaɗai, na kafa musu inuwa da karan dawa, na shimfiɗa ciyawa a gindinsu, ina ɗebo ruwa daga Bahar da jarka a kai safe da yamma don na rantse ba zan roƙi injin Yaya ba. Wasu suka ƙara mutuwa. Sauran suka yi ta jan rai har iska ta juya, dare ya fara sanyi, sai ga sabon ganye yana leƙowa. Yanzu in kun gan su ba za ku ce su ne ba.

Matsalar ita ce mutanen nafir sun yi fushi, kuma a kan Yaya suka sauke. Da ya kira nafir na yankan dawa mutum kaɗan suka zo, saura suka ce ba sa zuwa gidan da ake kiran mutane jakai, ya sha wuya kafin ya kwashe, tsuntsaye sun ci nasu. Yanzu dashen albasarsa ya isa cirewa kuma ba shi da hannu. Ya daina yi min magana sai ta bakin ƙanwata, ko abinci na kai masa sai ya ture ya ce a ba shi na hannun wata. Baffa ya yanke hukunci ya aiko wa Inna, wai in ɗauki sukari da bunni, wato ƙwayar gahawa, in bi gidajen duk wanda ya zo nafir in ba da haƙuri, sannan in je gindin dalbejiyar nan inda na yi magana in faɗa a gabansu cewa ba aikinsu ne ya kashe shukar ba, ƙasarmu ce ba ta karɓar ta, abin Turawa ne. In na yi haka za su fito wa Yaya, a bar min kusurwata bana. In ban yi ba ran Asabar tarakta za ta shiga jaraf gaba ɗaya har da kunyoyina, a sa albasa.

Na ce sukari da bunni zan iya kaiwa, zan iya cewa bakina ya yi zafi, amma ba zan tsaya in ce ƙasa ce ba ta karɓa ba, alhali ga shukar can tsaye a ƙasar tana ƙaryata ni. Kuma ni na san dalilin wannan sharaɗin, duk ranar da na furta shi da bakina shi kenan, baɗi in na ce a ba ni wuri za a ce ai ke kika ce ba ta yi. Baffa ya ce ko duka ko babu. Na kuma tambayi Yaya ta bakin ƙanwar tamu, to in na yi, ruwan albasarka fa, tunda ni ce a gangare duk abin da ka saki a kaina zai taru, za ka ja min gaɓa a tsakani? Ya ce a faɗa min ruwa ɗaya ne a jaraf, shi ba zai yi wa ciyawa shinge ba, in tana da rabon rayuwa ta sha abin da albasa ta sha. Ya'ani ko na durƙusa musu ma ba ni da tabbacin komai.

Inna kuwa tana tsakiya, ba ta da lafiya, kullum hawaye. Jiya ina shafa mata mai a ƙafa ta ce min "ni na san kin fi su gaskiya, amma gaskiya ba ta zuwa nafir, mutane ke zuwa". Na ce Inna ai mutanen ne suka zo suka kashe min shuka. Ta ce haka ubanki yake da kafiya, shi dai namiji ne shi ya sa aka kira ta jarumta. Ta ce in tone abina in mayar jarkoki a bayan rakuba kowa ya huta. Na kira mijin Sa'adiya na tambaye shi, ya ce an riga an tashe su sau biyu, duk tashi ɗaya sai sun yi makonni suna farfaɗowa, in na ƙara na uku kafin su dawo hayyacinsu sanyi ya kusa ɗaukewa, sai dai in samu na ɗanɗano irin na bara, kuma jarkokin da nake da su ba za su ɗauki rabinsu ba. Ban da haka ni na sani, in na fita daga jaraf ɗin nan da ƙafata ba zan sake shiga ba sai in kai wa Yaya abinci.

Sa'adiya ita kuma cewa ta yi in daina wasa, in je wajen shehun ƙauye in ce a auna min rabona na gadon Babana, ko taku nawa ne, in ja gaɓata in kafa ƙayata, in ga wanda zai shigo da tarakta. Hakkina ne, Allah ne ya ba ni ba Baffa ba. Amma a ƙauyenmu ban taɓa jin macen da ta nemi a raba jaraf uwarta na da rai ba, shehun kuma tare suke shan jabana da Baffa, kuma Inna ta ce ranar da na yi haka in haɗa da siyo mata likkafani. Na san magana ce ta tsoratarwa, amma mai ciwon sukari ce, in wani abu ya same ta a makon nan duk garin ni za su nuna da yatsa har in mutu.

Yau da safe na je ban ruwa na ga fure na farko, fari, ɗan ƙarami, a ƙarƙashin ganye, na duba na kusa da shi shi ma ya ɗauko. Na ajiye girman kai na je na samu Yaya a wajen inji na ce masa da bakina ya zo ya gani. Ya zo, ya tsaya daga nesa hannu a baya, ya leƙa, ya ce ai kabewa ma tana fure, ya juya ya tafi.

To 'yan uwa ga ni. In ɗauki sukari in bi gidaje in faɗi ƙaryar da suke so don a bar min kunyoyin da ƙila ruwan albasa zai kashe? In tone su in koma bayan rakuba in bar musu jaraf har abada? Ko in rufe ido in nemi rabona kowa ya ji haushi, har da Inna? Wadda ta taɓa neman gadonta a hannun ɗan uwa ta faɗa min yadda ta ƙare, da gaskiya, kada ta yi min kwaskwarima. Malaman da ke cikin guruf ɗin nan kuma ku faɗa min, akwai inda aka ce mutum ya ba da haƙuri da ƙarya don a zauna lafiya? Masu zagi kuma kwament a buɗe yake, ba za ku faɗi abin da ban ji a gindin dalbejiya ba. Amma ku yi sauri, yau Laraba, ran Asabar tarakta za ta shiga, furen nan kuma bai san Baffa ba bai san Yaya ba, sanyi kawai ya sani, sanyin kuwa ba zai tsaya jiran mu gama rigima ba.